Tashar da Bilal Bai Shiga Ba

Ranar kasuwar Buza Mahfuzu ya fara ganinta. Yana zaune cikin rumfarsa ta gyaran salula, ta miƙo mashi wata tsohuwar waya, gilashinta ya daddare kamar fadama da rani.

"A gyara, amma kada a goge komi."

"Hotunan saurayi ne ciki?"

"Jirgi ne."

Da wayar ta kama, sai ga wasa irin na yaƙin Turawan da. Kai ne kaftin na jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin teku, sumaran in ji ƴan lakwal masu karatun boko. Aikinka ka saci jiki cikin tashar jiragen abokan gaba, ka nutsar da abin da ka tarar, ka fito da ranka. Jirgin yana lafe a bakin wata tasha, gabansa ragar ƙarfe. Sunan kaftin Bilal.

"Ƴar garin Tama da teku?" Mahfuzu ya yi dariya. "Ku da ruwanku bai wuce rijiyar albasa ba."

"Na yayana ne. Nan ya tsaya ranar da zai tahi Libiya. Ya ce in aje mashi, in ya komo shi shiga."

Dariyar ta koma ciki. Duk Buza an san labarin Bilal ɗan Malam Alƙasim. Kwalekwalen da ya hau zuwa Turai ya kife, abokansa suka bugo waya suka faɗa, gawa kuwa ba a gani ba. Uban ya so a yi sadaka. Uwar, Inna Delu, da wannan ƙanwar tasa Aziza suka ce ba a yi wa mai rai sadaka.

Mahfuzu ya gyara waya, ita kuma ta lalata mashi barci. Ya sa wasan a tasa wayar ya duƙufa. Duk ranar kasuwa, in ta sayar da tumatirinta, sai ta zauna bakin rumfa ta sa abin saurare a kunne, shi yana tuƙi.

"Kashe inji," in ji ta, "jirgin masu gadi na bisa kanmu."

"To, Kaftin."

"Na ce kashe, kai kurma!"

Sau nawa aka farfasa su da bam, su nutse suna dariya. Ran nan ya gano dabara: ba a yanka raga, jira ake jirgin kaya ya zo a buɗe mashi, ka maƙale ƙarƙashin cikinsa ku shiga tare. Ya aika mata saƙo.

"Kaftin ɗin zuciyata, na samu hanya. Kawo ta Bilal mu shigar da shi."

Ta amsa: "Ba yau ba, kurmana. Ka ci abinci?"

Kullum ba yau ba. Shi ya ɗauka tsoro take kada ta kasa. Namiji in yana so, kowace ƙofa ya gani rufe sai ya zaci an rufe ta ne don shi ya buɗe.

Da ya tura manya Tama neman aurenta, Malam Alƙasim ko tabarma bai sa an shimfiɗa masu ba.

"Ƙato da gemunai yana nutsar da jirage da yatsa, shi ne za ya shigo gidan da ruwa ya ci wa ɗa? Ku gaida gida."

Shi Malam Alƙasim hankalinsa yana kan Faruƙ, mai lodin albasa zuwa Abijan, shi yake so ya ba ɗiyar. Faruƙ ɗin har rumfa ya zo ranar kasuwa, ya tarar da su kai a haɗe.

"Sannu, sojan ruwa. Ni na ga tasha ta gaskiya da idona. Kai ko wadda ke cikin wayar yarinya, an ce raga ta hana ka."

Mutane suka kwashe da dariya. Aziza ta ce ya ƙyale shi. Mahfuzu bai ƙyale ba, ya dai haɗiye.

A ranar batirin wayar Bilal ya kumbura, ta bar mashi ita ya canja. Washegari da hantsi, kasuwa ba kowa, ya sa sabon batir, jirgi ya bayyana a bakin raga. Ya jira jirgin kaya, ya maƙale, ya shiga. Ya harba duk abin da yake da shi, tasha ta kama wuta, ya sulale ya fito ba ƙwarzane. Wasan ya maƙala wa Bilal lambar yabo, ya ɗauke jirgin ya kai shi wani teku daban. Nan take Mahfuzu ya aika mata saƙo.

"Albishirinki, Azizata! Bilal ya shiga, ya hito lahiya. Je ki gaya ma mai albasa."

Kabu-kabu ne ya sauke ta kafin azahar. Ta karɓi wayar ta duba. Ruwa ne fetal, ba raga, ba tasha.

"Maida shi."

"Ba ya komawa, wasan ya riga ya..."

"Maida shi inda ya bar shi, Mahfuzu."

"Na zaci daɗi za ki ji."

"Wa ya ce maka ban iya ba? Ni na ji motsin jirgin kayan nan tun kahin ka san da shi. Nashi ne. Yanzu in ya komo, mi za ya tarar?"

Nan ta durƙushe cikin ƙasar kasuwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka bugo waya. Ya miƙa hannu, ta ce ya kuskura.

Saƙonninsa suka yi ta tafiya kamar dutse cikin rijiya. "Ki yahe mini." "Ko zagi ne ki aiko." Sai ya ji a bakin mutane cewa ta kai kukan gida, Inna Delu ta kama mata, har maƙwabta suka shigo da ta'aziyya ba wanda ya gayyace su. Aka daka gumba, aka yi sadakar Bilal. Faruƙ ya kai goro mai yawa. Mahfuzu ya tsaya can bayan sahu, ya shafa fatiha ya gudu.

Bayan an cire albasa Malam Alƙasim ya zo rumfa da kansa. Bai zauna ba.

"Har yanzu ba ka yi mini ba," ya ce. "Amma abin da na kasa yi da bakina cikin gidana, kai ka yi shi da wauta. Na ce ma ɗiyata ta zaɓa. Ta ce Faruƙ bai yi mata laihin komi ba, kuma ba ta son shi. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure a Tama, ba kiɗa, don gidan da sauran makoki. Da safe ta kawo mashi kunu cikin ƙwarya ta aje, ta zauna nesa kaɗan.

"Ina son ka, shi ne abin haushin. Amma kada wata rana ka ce ka yi muna alheri."

"Ba ni cewa."

"Baba na cewa. Kai kada ka ce."

"To, Kaftin."

"Bar kirana haka."

Ya sha kunu, bai ji ɗanɗanonsa ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Mi ke cikin tashar?"

"Wasu jiragen kaya. Da rumbun mai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. Sannan ta jawo ƙwaryar ta sha inda ya sha.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sanyaya zuciyar Inna Delu, ya jiƙan Bilal a inda ruwa ya aje shi.