Waya Ta Uku

Nuruddeen yana tsugune a bakin kafet ɗin falon Alhaji Maikasuwa, kansa a ƙasa, kamar yadda ya dace da wanda saura wata biyu a ɗaura masa aure da Muhsina, 'yar gidan. Nuruddeen mai wayarin ne, wato haɗa wutar lantarki a gidaje, kuma duk Kazaure an shaida hannunsa yana da kyau.

"Gidana na hanyar Roni an gama rufi," in ji Alhaji. "Ba zan kira bare ba ina da kai. Amma fa ban son iyayin nan da na ji ka koyo a kwas. Waya biyu da fis, shi ke nan, yadda aka yi wa gidan nan tun ba a haife ka ba. Nan da sati biyu nake so mu tare."

A kwas ɗin da Nuruddeen ya yi kafin a ba shi lasisi an karanta musu sabbin ƙa'idoji. Kowane soket sai da waya ta uku, wadda ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle. Sai bireka mai yanke wuta da kanta. Kuma mai wayarin ne zai sa hannu cewa gidan lafiya lau. To amma wa ya taɓa zaunar da suruki ya yi masa lacca?

"To, Baba," ya ce.

Wannan "to" ita ta ja masa. Aikin dai ba zai iya yi ba, komawa ya ce ba zai yi ba kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai bawan Allah ya ɗauke ƙafa, yau ya ce yana Babura, gobe ya ce babur ya lalace.

"Haba Yaya Nura!" in ji Muhsina da ya zo zance ranar Alhamis. "Ka fito fili ka gaya wa Baba mana! Wallahi tenshan ɗin nan ya hana ni cin abinci."

"In dubi idonsa in ce bai san abin da yake faɗa ba? Muhsina, bakina ba zai iya ba."

"To ka yi masa yadda yake so."

"In sa hannuna a gidan da ke za ki kwana a ciki, ba wayar ƙasa? Ba zan iya ba."

Alhaji kuwa da ya gaji da jira sai ya fassara abin da raini. "Yaron da ya ce mini to, ya shanya ni kamar wanki! Tun bai shigo ba ke nan!" Ya aika wa iyayen Nuruddeen cewa a dakata da maganar aure, ya karɓe wayar Muhsina, ya kira Daudu, wani tsohon hannu da ba ruwansa da kwas. Cikin kwana tara Daudu ya gama, aka yi filasta, aka tare, ana amfani da janareta kafin mita ta zo.

Nan fa duniya ta yi wa Nuruddeen shiru. Abokan sana'a suka laƙaba masa Malam Ƙa'ida, masu gini suka riƙa tsallake shagonsa saboda aikinsa yana cin lokaci. Sai ya wuni shi kaɗai yana jera soket a kanta yana sake jerawa. Aikin da yake samu sai can Gwiwa, ya tafi shi kaɗai ya dawo shi kaɗai, ba mai kira ya ce ka iso lafiya. Ranar Alhamis ta fi kowace rana tsawo. Sau biyu yana tsintar kansa ya juya babur zuwa tsohon layin su Muhsina, ya tarar da ƙofa da kwaɗo. Kewa ta ci shi har ya rame, amma ko sau ɗaya bai zagi Alhaji a ransa ba.

Da damina ta kankama, wata safiya bayan an sha ruwa, baƙuwar lamba ta kira shi.

"Yaya Nura, ni ce. Wayar Umma na ɗauka." Muryar Muhsina ce. "Famfon tsakar gida yana jan hannuna duk lokacin da aka kunna injin bohol. An gaya wa Daudu, wai in riƙa sa silifas — wai nomal ne!"

"Kada kowa ya taɓa shi! Kin ji? Kowa!"

Bai san lokacin da ya iso hanyar Roni ba. Ya yi sallama ya faɗa gidan, janareta tana ruri. Ga Alhaji ya naɗe hannun riga, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ya nufi famfon nan. Muhsina tana bayansa tana kuka tana roƙonsa, shi kuwa yana cewa shirmen yara ne.

"Baba, tsaya!"

Alhaji ya juyo a fusace. "Kai! Wa ya ba ka izinin shigo mini gida?"

"Ka yafe mini, Baba. Yau kam zan yi magana."

Ya zaro tasta daga aljihu, ɗan sukudireban nan mai ƙwai a ciki, ya ɗora bakinsa a kan famfon. Ƙwan ya kama, ja wur. Hajiya Rahamatu, mahaifiyar Muhsina, ta dafe ƙirji tana salati.

"Wuta ce a jikin ƙarfen, Baba. Injin yana yoyon wuta, ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. Aikin waya ta uku ke nan. Da akwai ta da bireka, da tuni wutar ta yanke."

Alhaji ya dubi ƙwan, ya dubi ƙafafunsa a cikin ruwa, ya dubi 'yarsa.

"Me ya hana ka gaya mini tun ranar nan?"

"Kunya, Baba."

"Kunya?" in ji Alhaji. "Kullum a nan yarinyar nan take wanke-wanke. Da ka bari na binne ta, sai ka zo ka ji kunyata a wajen zaman makoki? Ni ma da laifina, na toshe maka baki tun ba ka buɗe ba."

Nuruddeen ya tsuguna, hawaye suna zubo masa.

Sati uku ya yi yana fasa sabuwar filasta yana zura waya ta uku ɗaki bayan ɗaki, Alhaji bai yi ƙorafi ba. Ranar da aka binne ƙarfen a bayan gida, shi da kansa ya riƙe masa lema. Bayan sallar layya aka ɗaura aure.

Haƙurin Nuruddeen da tsayuwarsa a kan gaskiyar sana'a su suka dawo masa da Muhsina. Amma shi kansa yakan gaya wa matasan da ke koyon wayarin cewa girmama manya wajibi ne, sai dai duk kunyar da za ta hana ka faɗin abin da zai ceci rai ba ladabi ba ce. Ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, sannan ka faɗa.