Hoton Buba a Cikin Taɓo

A garin Tiga, can kusa da madatsar ruwa, akwai wata yarinya 'yar shekara shida. Babanta masunci ne. Mamarta, Turai, tana soya kifi a gida, ana zuwa saya. Yarinyar tana ajin share fage a makarantar firamare ta garin. Tana da wayo da surutu. Babu abin da take so kamar ta yi abu, 'yan aji su bushe da dariya.

Wata rana malamarsu, Malama Khairiyya, ta shigo aji da wata ƙaramar jaka baƙa. Ta zaunar da yara a kan tabarma. Ta zuge jakar, ta fito da kyamara. Ba ta wuce tafin hannun babba ba. Malama ta ce an kawo wa makaranta ita ne don ƙananan yara su koyi ɗaukar hoto.

Ta nuna musu yadda ake rataya igiyar a wuya. Ta nuna musu yadda ake riƙe ta da hannu biyu, kada ta girgiza. Ta nuna musu maɓallin da ake dannawa, da ɗan gilashin baya inda hoton yake fitowa. Ta ce kowa zai samu rabonsa, ɗaya bayan ɗaya. Idan kowa ya ɗauka, za a saka hotunan a kwamfutar shugaban makaranta, a kalla tare.

Yara suka yi ta murna. Uzairu ya ɗauki hoton tuta, amma rabin tutar kawai ya fito. Mubaraka ta ɗauki hoton allo, yatsanta ya rufe gefe guda. Malama ta ce babu komai, haka ake koyo.

A ajin akwai wani yaro sabon zuwa, sunansa Buba. Daga ruga yake zuwa, can bayan gonakin dawa. Ba ya yawan magana. Yana jin Hausa sosai, amma kunya ta yi masa yawa. Kullum a ƙarshen tabarma yake zama, kusa da ƙofa.

Ranar da layi ya zo kan yarinyar, ta kasa zama wuri ɗaya don ɗoki. Malama ta rataya mata kyamarar a lokacin hutun tara. Ta ce ta nemo abubuwa masu launin kore, ta ɗauke su. Yarinyar ta ɗauki ganyen darbejiya. Ta ɗauki bokitin shara. Ta ɗauki wani ɗan fara da ya sauka a jikin taga.

Ana cikin haka wata ƙaramar yarinya ta fara amai. Malama ta ɗauke ta, ta nufi ofis da sauri.

A daidai lokacin Buba ya je famfo shan ruwa. Gindin famfon duk taɓo ne. Ƙafarsa ta zame, ya faɗi rub da ciki. Taɓo ya ɓata masa fuska da riga. Wandonsa ya yage a baya. Ya ɗago kai yana kuka.

Yarinyar tana tsaye kusa da shi. Ba ta miƙa masa hannu ba. Sai ta ɗaga kyamara, ta danna.

Hoton ya fito raɗau, ya fi duk waɗanda ta ɗauka. Ta ruga ta nuna wa Uzairu. Uzairu ya kira wasu. Nan da nan yara suka kewaye ta, kowa yana leƙe yana dariya. Wani ya ce daga yau sunan Buba Ɗan-taɓo. Suka kama waƙa da sunan suna tafi. Yarinyar ta ji daɗi, don ita ce ta jawo dariyar.

Buba ya tashi a hankali. Ya riƙe bayan wandonsa da hannu ɗaya. Bai koma aji ba, ko jakarsa bai ɗauka ba. Ya bi ta bayan katanga ya tafi gida.

Da Malama ta dawo, ta tambayi inda Buba yake. Yara suka ce ya faɗi a famfo ya tafi. Babu wanda ya yi maganar hoto. Malama ta karɓi kyamarar, ta kashe ta don batir ya yi ƙasa, ta mayar da ita jaka.

Washegari Buba bai zo ba. Ranar da ta biyo baya ma bai zo ba. Malama ta rataye jakarsa a jikin ƙusa. Ta aika a tambayo, aka ce mata lafiyarsa ƙalau. Kullum idan yarinyar ta shiga aji, sai idonta ya faɗa kan jakar nan. Sai ta yi sauri ta kau da kai. Waƙar Ɗan-taɓo ta mutu da kanta, don babu wanda za a yi wa.

Wata yamma Innar Buba ta shigo gidansu da ƙwaryar nono a ka. Ta saba kawo wa Turai nono. Suka gaisa, Turai ta shimfiɗa mata tabarma. Yarinyar tana bayan ƙofar ɗaki tana wasa da 'yar tsana, tana jin hirarsu.

Turai ta tambayi lafiyar yara. Innar Buba ta ce lafiya lau. Sannan ta ce Buba ya ƙi makaranta. Idan aka ambaci makarantar ma sai ya fashe da kuka. Ya ce an saka shi a cikin wani ƙaramin akwati, yana kwance cikin taɓo da yagaggen wando. Duk wanda ya danna akwatin zai gan shi.

"Babansa ya ji labari, ransa ya ɓaci," in ji Innar Buba. "Ya ce irin wannan hoton shi ne yake yawo a wayoyin mutane. Ya ce yaron ya zauna ya kula da maruƙa, ya fi masa. Ni kuwa na so ya yi karatun nan. Da ƙyar na shawo kan babansa ya bar shi ya shiga."

Turai ta yi salati. Ta ce wane marar tausayi ne zai yi wa yaro haka. Innar Buba ta ce Buba ya ƙi faɗin suna.

Yarinyar ta ajiye 'yar tsanar. Ashe Buba bai ma faɗi sunanta ba. Ta tuna kuma hoton yana nan cikin kyamara. Ba da daɗewa ba za a saka shi a kwamfuta, ya fito ƙato, kowa ya gani.

Da aka zuba tuwo, ta kasa ci. Har kifin da take so ta ture gefe. Turai ta taɓa goshinta, ta ji babu zazzaɓi.

"Me ya same ki?" in ji Turai.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hawaye ya fara zuba.

"Umma, ni ce na ɗauki hoton Buba."

Turai ta daɗe tana kallonta. Ba ta dake ta ba, ba ta kuma daka mata tsawa ba. Ta tambaye ta ko ta taimaka masa ya tashi. Yarinyar ta girgiza kai. Ta tambaye ta ko da ita ce ta faɗi, za ta so a nuna wa mutane. Ta sake girgiza kai.

"To, gobe tare za mu je makaranta," in ji Turai. "Da bakinki za ki gaya wa Malama."

Da safe suka isa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Turai ta gaishe da Malama, sannan ta tura 'yarta gaba. Yarinyar ta faɗi komai. Ta faɗi dariyar, ta faɗi waƙar.

Malama ta kunna kyamara. Ta wuce ganyen darbejiya, ta wuce bokiti, ta wuce fara. Sai ga Buba. Fuskar Malama ta canza.

"Abin da kika yi ba shi da kyau," in ji ta. "Amma kin kyauta da kika faɗa. Ni ma ina da nawa laifin. Na koya muku yadda ake dannawa, ban koya muku lokacin da ba a dannawa ba."

Yarinyar ta roƙi Malama ta goge hoton yanzu-yanzu. Malama ta ce a'a. Idan aka goge shi a nan, Buba ba zai yarda an goge ba. Gara ya gani da idonsa. Ta ce kuma yarinyar ba za ta sake riƙe kyamara ba sai Buba ya dawo aji.

Bayan la'asar suka kama hanyar ruga, Malama da Turai da yarinyar. Suka ratsa gonakin dawa. Suka tsallake wata 'yar ƙorama. Tafiyar da nisa, har ƙafafun yarinyar suka gaji. Sai a lokacin ta san irin tafiyar da Buba yake yi kullum don ya zo makaranta.

Sun tarar shanu sun fara dawowa daga kiwo. Innar Buba ta tare su da murna, ta kawo musu nono mai sanyi. Baban Buba, Malam Ɗahiru, yana zaune a kan buzu. Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa, amma babu fara'a a fuskarsa.

Malama ta yi masa bayani. Ta ce hoton bai taɓa fita daga cikin kyamarar ba. Bai shiga wayar kowa ba. Tun ranar kyamarar tana kulle a ofis. Ta ba shi haƙuri da sunan makaranta. Malam Ɗahiru ya saurara har ta gama. Sannan ya ce ba shi aka yi wa laifi ba, a kira mai abin.

Buba yana bayan bukka, ya rungume wuyan wani ɗan maraƙi ja. Da ƙyar innarsa ta jawo shi. Ya ƙi kallon kowa.

Yarinyar ta matso. Duk surutunta ya gudu.

"Buba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ya kamata in ɗaga ka, amma ban ɗaga ka ba. Na sa an yi maka dariya. Ba zan ƙara ba."

Malama ta tsuguna kusa da Buba, ta rataya masa kyamarar a wuya. Ta nemo hoton. Buba ya kalle shi sau ɗaya, ya runtse ido. Malama ta nuna masa wani ɗan maɓalli mai zanen kwandon shara.

"Kai za ka danna da kanka," in ji ta. "Ka danna nan, sannan ka danna nan."

Buba ya danna. Hoton ya ɓace. Hoton fara ne ya fito a wurinsa.

Ya juya kyamarar ya duba ƙasanta. Ya girgiza ta. Ya tambaya ko zai dawo gobe. Malama ta ce ba zai dawo ba. Ta bar shi ya duba hotunan duka, daga farko har ƙarshe. Ya miƙa wa babansa, shi ma ya duba. Babu Buba, babu taɓo.

Buba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Yarinyar ma ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

"Na yafe," in ji Buba a hankali.

Malama ta ce tunda kyamara tana wuyansa, yau rabonsa ne. Ya ɗauki abin da yake so. Buba ya ruga wurin ɗan maraƙinsa. Kyamarar tana girgiza, sai yarinyar ta nuna masa yadda zai manna gwiwar hannu a jikinsa. Ya danna. Maraƙin ya fito da kunnuwa a miƙe da jiƙaƙƙen hanci. Malam Ɗahiru ya leƙa, ya yi murmushi a karon farko.

Sai Buba ya juya wajen kakarsa, wadda take zaune tana kaɗa nono. Ya ɗaga kyamara. Malama ta dafa kafaɗarsa, ta ce ya fara tambayarta tukuna. Ya tambaye ta da Fulatanci. Tsohuwar ta ɗaga hannu, ta ce ya dakata. Ta shiga bukka, ta ɗauro sabon ɗankwali, ta saka 'yan kunnenta. Ta dawo ta zauna, ta gyara wuya, sannan ta ce to, yanzu ya ɗauka.

Kowa ya yi dariya, har da ita kanta. Yarinyar ta lura wannan dariyar daban ce. Babu wanda ta sa kuka.

Da za su tafi, Malam Ɗahiru ya raka su har bakin hanya. Ya yi wa Malama godiya. Ya ce in Allah ya kai mu, Buba zai koma makaranta.

Ranar Litinin da safe sai ga Buba a ƙofar aji, da wandonsa an ɗinke tsaf. Yarinyar ta tashi ta matsa masa wuri kusa da ita, a tsakiyar tabarma. Uzairu ya buɗe baki zai fara tsohuwar waƙa. Ta juya ta ce masa sunansa Buba. Uzairu ya ji kunya, shi ma ya ba da haƙuri.

Kafin a ci gaba da ɗaukar hoto, Malama Khairiyya ta koya musu sabon darasi. Ta sa suka maimaita shi tare.

"Ba a ɗaukar hoton mutum sai an tambaye shi. Idan ya ce a'a, a bar shi. Idan kuma ka ga wani ya faɗi, ka ajiye kyamara, ka ɗaga shi."

Yarinyar ta fi kowa ɗaga murya. Daga ranar, duk lokacin da kyamara ta zo hannunta, sai ta fara tambaya, "In ɗauke ka?" Idan an ce to, ta ɗauka. Idan an ce a'a, ta yi gaba ta nemi wani abin.