Madubin Bayan Kofuna

Da magariba aka fara. Mai shagon kifi da tsuntsaye ya dawo gida, yana zaune a bakin ƙofa yana cire takalmi, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Wata ta biyo ta. Matarsa ta tsinto guda: ƙarama ce, shuɗiya, irin wadda ake zubawa a gindin tankin kifi, kuma a jiƙe take.

"Baban Auta, wannan ai ta shagonka ce."

Ya karɓa, ya juya ta a tafin hannunsa.

A shagon yana sayar da wasu ƙananan kifaye masu jela kamar mayafi, waɗanda ake kira kifin faɗa, domin mazansu biyu ba sa zama ruwa ɗaya. Kowanne yana cikin kofin roba mai murfi, ruwan bai wuce tsawon yatsa ba, ba ɗumi, ba canji sai ya yi duhu. Bayan kofunan ya kafa dogon madubi. Kifi ya ga kansa, ya ɗauka abokin gaba ne, ya baza jela, launinsa ya fito, mai wucewa ya tsaya ya saya. Wanda ya gaji ya kwanta, sai a juye shi a kwata. 'Yarsu Auta kaɗai, in ta taso makaranta, take canza musu ruwa a ɓoye, tana surka shi da na fulas.

Jifan bai tsaya ba. Daga baya aka riƙa jin kukan mace a bututun wanke hannu. Sai Auta ta daina magana. Ta shige lungun da ke tsakanin kabad da bango, ta takure, tana rawar sanyi, in ta ga madubi ta kai masa karo har goshinta ya fashe.

Aka ɗauko wani malami, tsoho mai sanyin murya. Ya zauna a ƙasa ya yi ta karatu har inuwa ta cika ɗakin. Bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata dattijuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Me gidan nan ya yi miki, baiwar Allah?"

"Ɗana ne. Ya shiga jikin wani shuɗin kifi yana wasa, ka san yara. Mutumin nan ya rufe murfi da bismillah, kamar kullum. Abin da aka rufe da sunan Allah ba ma iya buɗe shi. Ina tsaye ina kallo, yana faɗa da kansa har ya kwanta."

Mai shago ya ce, a hankali, "Wallahi ban sani ba."

Muryar ta ce, "Da kifi ne kawai, ka sani?"



"Yarinyar nan nake so," in ji muryar. "Ita ce ta ba shi ruwan ɗumi. Zan riƙe ta da kyau."

"Ba za a ba ki ita ba," in ji Malam. "Za a sauke madubin. Kowane kifi a ba shi wuri mai faɗi da ruwa mai ɗumi. Nemi wani abin."

"Zai dawo mini da shi?"

"A'a."

Uwar Auta ta matso da gwiwa. "Yaya, kin tsaya kina kallon naki ba ki iya buɗewa. Ga ni ina kallon tawa. Haka kike so?"

Sannan muryar ta ce, "A bar mini kofinsa a buɗe." Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Da ta farfaɗo, ta dubi ubanta.

"Baba, akwai sanyi a ciki. Kuma ba wurin juyawa."

Washegari ya sauke madubin, ya jera tankuna. Auta ta warke, ta koma makaranta, amma ba ta sake taka shagon ba, uban kuma bai taɓa kiranta can ba. Kofin yana nan a kan kantar shagon, ba murfi. Wata magariba, in ya zo rufe shago, yakan tarar da tsakuwa shuɗiya a ciki, a jiƙe, an ajiye ta a hankali.