Gadon Tankin Kananzir

A wani gari can da, wata mai sayar da kananzir ta kwana biyu cikin damuwa. Surukinta, wanda kafinta ne, ya haɗa wa tankinta gadon katako, amma ƙafafun sirara ne, ga kunya ta hana ta magana.

Ranar ɗora tanki ta daure, ta durƙusa. "Baba, wai zai ɗauka in an cika shi?"

"Ke dai da tambaya! Ga shi ya zauna daram."

"Mu gwada da ruwa mana, Baba."

Aka zuba, aka zuba, sai ƙafa ɗaya ta gadon ta karye. Ruwa ya malale har ya kashe wutar murhu.

Tsohon ya daɗe yana kallon tokar, sannan ya ce, "Miƙo min zarto, 'yata."