Keken Mama Da Motoci Biyu

Ranar da ya fara ganinta, yana kwance ne a ƙarƙashin tsohuwar motar babanta, a ƙofar gidansu. Takalminta ya fara gani, sannan kofin ruwan da ta ajiye kusa da kunnensa.

"Injiniya, fito ka sha. Motar nan ta girme ni, ba inda za ta gudu."

Ya zaro kai, baƙin mai a goshi. A gareji Sufana ake kiransa, don ba ya rabo da ita a aljihu. Tun yana aji uku na sakandare ya bar makaranta, ba wanda ya taɓa ce masa Injiniya. Ita kuwa malamar firamare ce. Daga ranar, duk mako sai ya gano wani sabon ciwo a jikin motar.

"Injiniyana, yau motar ce ba lafiya ko kai?" ta rubuto masa.

"Ni ne, Malamata. Kuma ba a sayar da kayan gyarana a kasuwa."

Baba ne bai ga abin dariya ba. "Yaron yana da ladabi," ya ce, "amma mai koyarwa ba za ta auri wanda ya gudu daga aji ba."

Wata rana Sufana ya shiga ɗakin ajiyarsu neman jak, sai ya yaye wani zane ya ga sabon keken marasa lafiya a naɗe. Yana juyowa ya ga Mama, mahaifiyar Malama, ta dafa ƙofa.

"Ɗana, mayar da zanen. Likita ya ce gwiwoyin nan sun kusa ajiye ni. Ƙanwata ce ta kawo shi a ɓoye. Babanku yana da hawan jini, 'yata kuma da kuka. Ka rufa mini asiri."

Ya yi mata alkawari. Kafin ya fita, ya zaro tef ɗinsa ya auna keken.

Ba a yi wata ba Baba ya ce ya gaji da gyara, sabuwar mota zai saya, babba, ta iyali. Sufana ya kai su wurin Dogo, abokinsa tun na yarinta, wanda ke aiki a shagon sayar da motoci. Har ya roƙe shi ya sa masa baki wurin Baba kan maganar auren.

"Haba ɗan'uwa, ka ɗauka an gama," in ji Dogo.

Motoci biyu aka nuna musu, samfuri ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko kujerun fata, rufin gilashi, da babbar sifika a ƙarƙashin but. Ta biyu kujerun yadi, ba kwalliya, sai but mai zurfi. Sufana ya faki ido ya auna duka biyun. Sifikar ta cinye wuri; keken ba zai shiga ta farko ba, saura yatsa huɗu.

"Kai bakanike, wacce?" Baba ya tambaya.

"Mai yadin, Baba."

"Dalili?"

Ya dubi Mama. Ta sunkuyar da kai.

"Ita ce dai ta dace da gidanku."

Dogo ya yi wata dariya mai laushi. "Baba, a yi masa uzuri, takardar bayanin ta yi masa tsawo. Ni abin da ya ba ni kunya, jiya ya ce mini gidanku bai kai na mai fata ba."

Sufana ya ji kamar an sake masa jak yana ƙarƙashin mota. Ya juya wurin Malama, yana jira ta ce ƙarya ne. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba, mai fatar za mu ɗauka," ta ce.

Kafin ya isa gareji saƙonta ya riga shi: "Ashe kallon da kake mana ke nan? Kar ka ƙara kirana."

Ya rubuta gaskiyar har sau uku yana gogewa. Asirin ba nasa ba ne. Daga ƙarshe ya aika: "Ko tambayata ba ki yi ba, Malama."

Kwana biyar yana kwance noti yana ɗaurewa ba tare da ya san me yake yi ba. Sau biyu ya hango Dogo a ƙofar gidansu, wai ya kawo takardu, ƙamshin turarensa har bakin titi. Dogon da suka yi shekara uku suna kwana a tabarma ɗaya.

A rana ta shida Mama ta aiko a kira shi. Ya tarar Dogo ya kawo mai fatar tana sheƙi, Baba da biro a hannu zai sa hannu.

"Dakata, Malam," ta ce wa mijinta. "Ke, shiga ɗakin ajiya, ki yaye zanen da ke bayan ƙofa, ki turo abin da kika gani."

Malama ta fito da keken. Biron Baba ya faɗi.

"Nawa ne," in ji Mama. "Za mu yi kukan daga baya. Kai mai turare, sa shi a but."

Dogo ya kwantar da shi, ya tayar, ya karkata, ya danna har gumi ya jiƙa masa kwala. But ya ƙi rufuwa.

Mama ta nuna Sufana. "Yaron nan ya auna tun ranar farko. Ya yarda a kira shi jahili a gabanku don kar ya tona ni. Ni kuma na yi shiru, tsoro ya hana ni magana. Ɗana, ka yafe mini."

Baba ya ture takardar gefe. Sannan ya miƙa wa Dogo makullin. "Mayar. A kawo mai yadin, kuma wani ya kawo ta, ba kai ba." Ya juyo wurin Sufana. "Ni na karanta takardar tun daga farko har ƙarshe, ban ga matata a ciki ba. Ka turo manyanka."

Malama ta biyo shi bakin ƙofa tana hawaye. "Injiniyana..."

"Dogo ya yi ƙarya, na rasa aboki," ya ce. "Ke kuma minti ɗaya bai cika ba kika yarda. Wannan ya fi ciwo."

Ya tafi. Mako biyu tana kira bai ɗauka ba. Sai wata safiya saƙo ya shigo:

"Sabuwar motar lafiyarta lau. Ni ce ba lafiya. Na yi kuskure, kuma daga yau kai zan fara tambaya kafin kowa. Akwai bakanike kusa?"

Ya goge hannu da tsumma, ya karanta sau biyu.

"Yana hanya, Malamata."

Ranar ɗaurin aurensu shi ya naɗe keken da kansa, ya sa a but, ya rufe da hannu ɗaya. Mama ta leƙo daga kujerar yadin ta riƙe hannayensu biyu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da za su cika motar nan."

"Amin," in ji Baba daga gaba. "Injiniya, ja mu tafi."