Garar da Babu Alkaki

Ranar da masu binciken cututtukan gado suka kafa rumfa a bakin kasuwar Jimeta, Rumasa'u ce ke karɓar yawun mutane a 'yan kwalabe. Mu'tasim mai shagon takalma ya karɓi tasa kwalbar, ya ɗago ya dube ta, bakinsa ya bushe ƙaf.

"Hamma, yawu kawai muke so, ba jini ba."

"Ke kika ƙafar da shi. Juya baya tukuna."

Ta juya tana dariya. Kafin sakamako ya fito, har manyansa sun taso daga Wuro Hausa sun kai gaisuwa gidansu.

Sakamakon ya sa shi cikin waɗanda suka fi kusa da kamuwa da ciwon suga. Shi da bakinsa ya gaya wa mahaifinta, Baba Garbai. Dattijon ya binne 'ya'ya biyu a Bama saboda sikila, tun kafin rikici ya koro su Adamawa. A wurinsa duk abin da aka kira gwaji hukunci ne. Ya ce a dakata da maganar aure.

Mu'tasim ya turo mata saƙo: "Hasken idona, ba zan ja da Baba ba. In jinya zan kawo miki, gwamma na haƙura."

Ta mayar: "Hammana, ba ciwo gare ka ba, tsoro ne. Ka ci abinci."

Bayan la'asar ta durƙusa gefen tabarmar mahaifinta.

"Baba, gwajin sikila ko akwai ko babu, kuma mun yi, dukanmu AA ne. Wannan kuwa ƙananan alamomi ne dubbai aka tara aka yi kirdado. Ma'aunin ma yawanci a jikin Turawa aka gwada shi."

"Ƙarya ce ke nan?"

"A'a. Kamar hadari ne ya haɗo, ana iya ruwa, iska na iya watsa shi. Abin da mutum ke ci ma yana da nasa rabon."

Dattijo ya auna maganar a ransa. Takarda ba ta cika ƙarya ba, sai dai ba ta taɓa faɗin duka.

"Yaya yake shan shayi?"

Ta sunkuyar da kai. "Don yawan sukari, sai cokali ya tsaya a kofin."

"Af! Ni ina tuhumar jininsa, ashe hannunsa ne mai laifi."

Aka ɗaura aure bayan Sallah ƙarama. Da dangin amarya suka sauke gara, goggon ango ta buɗe kwano bayan kwano: acca, wake, busasshen zogale. Babu alkaki, babu nakiya, balle buhun sukari.

"Ikon Allah! Mutanen Borno, yau kuma rowa?"

Yafendon amarya, ƙanwar mahaifiyarta, ta gyara mayafi. "Baba Garbai ya ce a gaya muku, wannan surukin da furfura yake so ya gan shi."

Goggo ta rufe kwanon a hankali. "To, Allah ya nuna masa. Allah ya ba su zaman lafiya."

Ɗaki ya amsa da amin.