Satar Jiga Takwas a Shagon Hinda

Ranar kasuwar Dungas ce, kuma tun safe Sufeto Mahdi yake raba faɗa, daga na akuya sai na buhun wake. Ya samu inuwa a ƙofar komisariya, ofishinsu na 'yan sanda, ya ɗaga kwanon fura ke nan, sai ga kabu-kabu ya taka birki a gabansa. Wata mata ta diro tun babur bai gama tsayawa ba.

Hinda ce, mai shagon ɗaukar hoto da haɗa fim ɗin biki a bakin tasha. Duk garin da dariya aka san ta, amma yau babu ko alamarta.

"Ranka ya daɗe, an yi mini sata! An sace mini jiga takwas!"

Sufeto ya ajiye furar, ba da son ransa ba. Ya bi sawun shanu a aikin nan, ya bi na babura, amma wannan bai taɓa jin irinta ba.

"Zauna, Hinda. Jigar nan a ina ake ɗaure ta?"

"A cikin ordinatar take, wato kwamfuta. Wata 'yar baret ce, ba ta fi yatsa biyu ba. Ita ce ke ba mashin sararin yin aiki, da jiga ake auna shi. Jiya aka sa mini, yau babu."

Ta yi masa bayani da sauri. Ita ta ɗauki bikin Saifullahi, ɗan Alhaji Mohamman mai hatsi, da amaryarsa Bahijja 'yar garin Mallawa. Dangin amarya sun shigo kasuwa, kuma ta yi musu alkawarin za su koma gida da fim ɗin a motar yamma. Shi ne babban aikinta na farko. In ta saɓa, ta san mutane za su koma kai bikinsu Magaria kamar da.

Sufeto ya kalli furar kallon ban kwana, ya tayar da babur ɗinsa.

Shagon ƙarami ne. Ordinatar na kan tebur, gefenta a buɗe saboda zafi, ga 'yar fanka an juyo mata. Hinda ta ce wuta ta ɗauke da azahar, sai ta ja ƙofa ta tafi salla. Da wutar ta dawo ta kunna, fim ya koma yin tsalle kamar jakin da ya ga ruwa.

Sufeto ya sunkuya ya leƙa. Gurbi biyu ne a jere. Ɗaya da baƙar baret a ciki, ɗayan wayam.

"Wannan baƙar fa?"

"Tsohuwar ce, ita ma takwas. Sabuwar ja ce."

Ya ɗaga kai ya dubi kamara a rataye, sabuwa fil. Ga wayar Hinda a caji, babu wanda ya taɓa. Wane irin ɓarawo ne zai bar kamara ya ɗauki abu kamar tsinken tsire? Abin ya fara yi masa daɗi, don shi mutum ne mai son ɓarawon da zai sa shi tunani.

"Wa ya sa miki ita?"

"Rabilu mai gyara, na Magaria. Har cacar baki muka yi. Wai sai na sayi mai jiga talatin da biyu."

Ba a sha wahalar neman Rabilu ba. An same shi a rumfar mai tsire, bakinsa duk mai.

"Rabilu, ka je shagon Hinda yau?"

"Ni? Yanzun nan na sauka daga mota, ranka ya daɗe."

Mai tsire ya yi tari. "Tun hantsi dai kake nan, wannan ne zuwanka na uku."

Rabilu ya sosa ƙeya. "To, na leƙa da safe. Na ji an ce sata, shi ya sa na tsorata. Amma wallahi ciniki ya kai ni. Na koma in ƙara lallashinta ne."

"A kan me?"

Nan fa bakin Rabilu ya buɗe. "Ranka ya daɗe, abin kamar tabarmar shanya ne. Hatsinka yana rumbu, amma in za ka yi aiki da shi sai ka baza a tabarma. In tabarmar ƙarama ce, sai ka yi ta ɗiba kana mayarwa. Mai rubuta takarda a biro, wato ofis, takwas ta ishe shi har ya yi kyauta. Mai haɗa fim irin Hinda, sha shida. Ni kuwa na ce ta yi talatin da biyu ta huta."

"Ita ta ce me?"

"Ta ce in buɗe mata wurin da mashin ke nuna abin da yake ci. Muka ɗora fim ɗin, muka ga takwas ta cika maƙil. Na gwada mata da tawa babbar baret, sai ga shi bai wuce sha biyu ba. Ta ce to sauran ashirin ɗin wa zai kwana a kai? Ta sayi takwas ta ƙara. Gaskiyarta ce, amma ni ma ina da iyali."

Sufeto ya yi dariya. "Su wa ke wurin da ka sa?"

"Ni da ita, sai Alhaji Mohamman da ya zo ganin aiki. Kafin in sa, fim ba ya ko motsi. Ina sawa ya tafi sumul. Alhaji na ta murmushi, can sai na ga ya miƙe tsaye. Ya nuna jar baret ɗin ya ce, 'Yaro, duk abin nan daga cikin wannan ya fito?' Ni kuwa ina neman kasuwa, na ce, 'Ƙwarai, Alhaji, aikinta ne.'"

Sufeto ya karɓi tsinke ɗaya na tsire a matsayin ladan tambaya, ya koma shago.

"Hinda, nuna mini wurin da fim ya kai lokacin da Alhaji ya miƙe jiya."

Da tsohuwar baret kaɗai, sai da suka yi ta jira kafin hoton ya fito. Makaɗa ne a fili, 'yan mata na rawa. Sai kamara ta ɗan karkata ta hango bayan rumbu. Can ga wani dattijo shi kaɗai, ya tattare babbar riga, yana taka rawa har da juyi. Mashin ya tsaya cak daidai lokacin da ƙafarsa ɗaya ke sama.

Hinda ta toshe baki. "La ilaha! Ni ban ma lura ba, amarya nake kallo."

"Saifullahi ɗansa na nawa ne?"

"Na fari."

Sufeto ya gyaɗa kai. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Alhaji Mohamman bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, sai dai "wancan". Ranar ɗaurin aure ma cewa aka yi ya tafi gona.

Suka same shi a rumfarsa ta hatsi, ango Saifullahi na auna wa mutane gero a gefe.

"Barka da kasuwa, Alhaji. Ka je bakin tasha yau?"

"Me zai kai ni? Tun safe ina nan."

"Baba, ai da azahar ka ce za ka..." Saifullahi ya fara.

"Kai, wancan, auna geronka!"

Sufeto ya zauna a kan buhu, ya sassauta murya. "Alhaji, yanzu na ga wani dattijo a bayan rumbu. Wallahi ya fi samarin iya taku."

Alhaji ya zaro ido. Hannunsa ya tafi kan hularsa da kansa. "Ka gani? Yaya za ka gani, alhali abin yana..." Ya kama bakinsa, amma ya makara.

"Yana cikin hula? Ciro shi a hankali, kada ya karye."

Dattijon ya cire hula, ga jar baret kwance a ciki. "Ni na ɗauka," ya ce, kansa a ƙasa. "Na ga da aka sa ta na fito, na ce in na cire ta na ɓace. Da kasuwa ta tashi zan aika wa yarinyar nan kuɗi ta sayi wata. Ranka ya daɗe, a ce surukaina na Mallawa su zauna su kalle ni ina tsalle a bikin wancan? Ina zan sa fuskata?"

Sufeto ya yi murmushi. "Rawarka tana nan a rumbu, Alhaji. Tabarmar shanya ka sato."

Duk suka ɗunguma zuwa shago. Rabilu ya mayar da baret, ta yi ƙas, fim ya tafi sumul. Hinda ta rangaɗa guɗa har masu kabu-kabu suka leƙo. Ta ce ta yafe, kuma yanke wurin rawar ba zai ɗauke ta lokaci ba, za ta gama kafin motar Mallawa ta cika.

"Dakata," in ji Saifullahi.

Ya matso gaban allon. Ya kalli mahaifinsa yana juyi a bayan rumbu, ya ce a mayar, ya sake kallo. Yana dariya, hawaye na zuba. Tunda aka haife shi bai taɓa ganin mutumin nan ya yi murna da shi a fili ba. Sufeto da kansa sai da ya ji abin ya taɓa masa zuciya.

"Baba, ashe ba gona ka tafi ba."

Alhaji ya juya yana kallon bango.

"To, Alhaji," Sufeto ya ce, "an yafe maka, amma ƙara ta riga ta shiga komisariya. Sai ka zo ka faɗa da bakinka a rufe magana. Hau mu je."

Dattijon ya gyara hula ya hau bayan babur, ya zauna ƙiƙam kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hinda ta biyo su ƙofa.

"Alhaji, in yanke ko in bari?"

Sufeto ya tayar da babur. Sai dattijon ya yi gyaran murya, bai waiwayo ba.

"Na Mallawa ki yanke. Ki yi wani daban, ki bar wa Saifullahi abinsa."